Haƙoran Bhubesi

Kwalin yana bisa firji tun ranar da kwikwiyon ya cinye dunduniyar takalmin cocin Gwaggo Fikile. Kwalin ayaba ne da ta roƙo a shagon kan kwana. Ta zauna a tsakiyar falo ta huda masa ramuka da wuƙar yanka albasa, a hankali, don kowa ya gani da kyau, sannan ta ɗora shi inda ido ba zai kauce masa ba. Ta ce ranar Lahadin ƙarshen wata za ta koma gida Maphumulo, kuma in har zuwa lokacin wannan halittar ba ta koyi inda ake fitsari da abin da ake ci ba, to a cikin kwalin nan za ta bi ta. Ai a can akwai fili, in ji ta, akwai kuma karnuka 'yan uwansa.

Nomvelo ta san 'yan uwan nan da ake magana. Karnukan farauta ne dogaye, masu haƙarƙari a waje, ta taɓa ganin yadda suka yi da zomo tun kafin mai su ya ƙaraso. Ta kuma san shahon da ke shawagi bisa garken Gwaggo. Nata kwikwiyon kuwa irin 'yan mitsitsin nan ne masu farin gashi, waɗanda ko sun tsufa ba sa wuce girman kyanwa. Don tsokana ta sa masa suna Bhubesi, wato zaki, alhali duk jikinsa bai fi burodin kwano ɗaya ba. Idan ya shiga kwalin nan, ba zai ga sabon wata ba, wannan ko tantama ba ta yi.

Da kunya mace mai shekara arba'in ta faɗi irin son da take yi wa kwikwiyo, amma gaskiya ce, tana son sa har cikin ranta. Bara mahaifiyarta MaShange ta rasu. Nomvelo ta saki ɗakin da take haya a cikin birnin Durban, ta dawo gidansu na KwaMashu don ta kula da mahaifinta. Ta tarar da Baba Velaphi, mutumin da ya yi rayuwarsa yana tuƙa injin ɗaga kaya a tashar jiragen ruwa, wanda da ake jin dariyarsa daga layi na gaba, ya koma kujerarsa mai tudu da ke gefen taga ya zauna, kamar an dasa shi. A ba shi abinci ya ci loma biyu. A tambaye shi jiki ya ce da sauƙi. Talabijin a kashe, shi kuma yana kallon ta. Shirun gidan ya ishe ta har takan tsaya a bakin get bayan ta taso aiki, ta rasa ƙarfin turawa. Da karyar wata abokiyar aikinta ta haihu, sai ta karɓo ɗaya, tana cewa ko zai ɗebe wa Baba kewa.

Baba Velaphi ya dubi abin da ke cikin tawul, ya mai da idonsa taga.

"Kare a waje yake kwana," ya ce.

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Wanda aka kawo dominsa bai ko kula ba, sai ita mai kawowar ce ta faɗa tarkon. Yanzu in ta turo get, akwai mai kuka da tsalle don murnar ganin ta, kuma ita kaɗai ta san abin da hakan ya yi mata.

Sai dai Bhubesi bai san ana yi masa alfarma ba. Ya yi fitsari a ƙarƙashin tebur, ya yi a bayan ƙofa, ya ajiye mafi muni a kan tabarmar shiga banɗaki. Ya gutsure wayar caja, ya gwaguye ƙafar kujerar tsugunno, ya mai da bakin labule zare-zare. Wata safiya har ya tsuguna dab da umsamo, kusurwar nan ta magabata da ke ɗakin baya, inda ake ajiye tukunyar burkutu da kaskon turaren ganye. Nomvelo ta goge, ba ta faɗa wa kowa ba, amma ranar ko a wurin aiki sai da ta ba wani mutum maganin tari a madadin na ciwon ciki, Allah ya sa ya duba kwalbar.

Ana cikin haka Gwaggo Fikile ta sauka da jakunkunanta. Ita ce yayar Baba Velaphi, kuma a sha'anin magabata in ta yi magana ta zauna. Ta zo ne don hidimar cika shekara, wadda a cikinta ake dawo da ruhin MaShange gida ta zauna cikin masu tsaron zuriya. Mace ce mai tsafta har ta wuce misali, mai tsoron Allah, mai baki kamar reza. Ranar farko ta taka jiƙaƙƙen wuri da safa. Ba ta yi wata-wata ba ta cafko Bhubesi ta ƙeya, ta goga masa hanci a ciki, ta bi shi da naɗaɗɗiyar jarida. Ta ce haka aka horar da kowane kare tun da aka halicci duniya. Bhubesi kuwa ya koyi darasi, amma ba wanda ake so ba. Ya gane cewa fitsari a gaban mutane shi ne laifin, sai ya koma yi a bayan kujera inda sai wari ne zai tona shi.

Nomvelo ta kai shi wurin likitar dabbobi ranar hutunta, ta zazzage mata komai kamar mai kai ƙara. Likitar ta yi dariya ta ce duka ba ya koya wa kwikwiyo komai sai ɓuya. A fitar da shi da ya farka, da bayan ya ci, da bayan ya yi wasa, a kai shi wuri ɗaya kullum, in ya yi a yabe shi kamar ya ci jarrabawa. A wanke inda ya ɓata da ruwan khal don kada ƙamshin ya sake kiran sa. In ba kowa, a tsare shi a ƙaramin wuri. Taunar kuwa dasashinsa ne ke ƙaiƙayi, haƙora na fitowa, don haka a ba shi abin taunarsa na kansa, duk lokacin da ya kama na mutane a karɓe a musanya masa. Magana ce mai daɗin ji. Abin da likitar ba ta tambaya ba shi ne wa zai riƙa fitar da shi da rana, alhali Nomvelo tana kantin magani daga safe har yamma.

Ta yi abin da za ta iya. Ta gitta wani katako mai tsayin gwiwa a ƙofar kicin, ta shimfiɗa jaridu, ta sa masa kwando da tsohon bargo. Da sassafe takan tsaya da shi a gindin gwaibar bayan gida, cikin rigar barci, tana roƙon sa kamar mai roƙon babban mutum. In ya tsuguna sai ta ce, "Yawwa, ɗan albarka, zakin gida," da ƙaramar murya don kada maƙwabta su ji su yi da ita. Ta sayo masa ƙashin roba, ya shinshina sau ɗaya ya juya masa baya. Takalmin Gwaggo ne ya yi masa, na fata, wanda take zuwa coci da shi. Daga nan ne kwali ya hau firji.

Hidimar dai an riga an yi ta lafiya kafin takalmin ya gamu da ajalinsa. An yanka akuya fara mai jan tabo, dangi sun cika gida, an ci an sha an watse. Kamar yadda aka saba, an yanko siraran fata daga jikin akuyar, aka tsaga tsakiyarsu, aka zura wa 'yan gida a wuyan hannu. Isiphandla ke nan, munduwar fata da gashinta. Ba a cire ta, ba a kai mata wuƙa ko almakashi, sai ranar da ta ga dama ta tsinke da kanta, a ɗauka a kai umsamo. Nomvelo takan rufe tata da dogon hannun riga a wurin aiki saboda warinta na kwanakin farko. Baba Velaphi kuwa yakan zauna yana juya tasa da yatsa, ita ce kaɗai abin da aka ga yana taɓawa da kulawa tun rasuwar matarsa.

Kwana biyu bayan hawan kwali, Nomvelo ta fitar da Bhubesi da yamma, sai ya ɓace mata a bayan tankin ruwa. Ya fito da wani abu a baki, ya kwanta ya dafe shi da ƙafafun gaba, ya shiga aiki. Guntun fata ne, cikin ragowar da masu fiɗa suka watsar, rana ta busar da shi ya yi tauri kamar ƙaho. A daren bai kula labule ba, bai kula silifa ba, bai ko ɗaga kai ba. Nomvelo ta ji kamar an sauke mata dutse daga ka. Ga abin taunarsa na kansa, kamar yadda likita ta ce, kuma Allah ne ya kawo. Ta bi bayan tankin ta tsince guntayen kaf, ta zuba a gwangwanin madara ta ɓoye a bayan buhun garin masara. Duk lokacin da ya nufi takalmi sai ta karɓe ta miƙa masa fata, ta yabe shi. Cikin 'yan kwanaki Bhubesi ya haddace karatunsa tsaf: takalmi na mutane ne, fatar akuya kuwa tasa ce, duk inda ya gan ta.

Har yakan kamo wuyan hannunta in ta ɗauke shi, yana lasar munduwarta, ita kuwa sai ta yi dariya ta janye. Mai neman mafita ba ya ganin rami, ko da a gaban ƙafarsa yake.

Abubuwa suka fara daidaita har abin ya ba ta mamaki. Takan dawo ta tarar da jaridun a bushe. Ranar farko ta ɗauka dace ne, ta bi bayan kujeru tana shinshinawa kamar ita ce karen. Ba komai. Rana ta biyu ma haka, da ta uku. Ta rasa yadda ɗan cikin nan yake riƙe ruwa wuni guda, amma wa ke tuhumar alheri? Gwaggo, wadda kullum bayan abincin rana take fita zaga dangi da ƙawayen coci, ta ce ai jaridarta ce ta yi aiki. Duk da haka hankalinta bai kwanta ba. A cikin bas tana lissafin abin da ta manta a ƙasa, a kanti wayarta na motsi gabanta zai faɗi. Kwalin kuma yana nan bisa firji, kullum ta buɗe ɗauko madara sai sun haɗa ido.

Ranar Asabar, jajiberin tafiyar Gwaggo, rabin wuni ta yi a wurin aiki. Ta biya ta sayo kaza da burodi na guzurin hanya, tana tafe tana ce wa kanta saura kwana ɗaya. Gidan shiru. Gwaggo ta fita sallama da maƙwabta. Baba yana kujerarsa, ido a rufe, sanye da kwat duk da zafin da ake yi. Katako yana inda ta bar shi. Ta tsallaka, ta ga jarida a bushe, ta ga Bhubesi a kwandonsa yana fama da fatarsa, har ta buɗe baki za ta yabe shi.

Sai ta ga gashi a jikin fatar, fari da jan tabo.

Guntayen gwangwani ba su da wannan siffar. Wannan zagayayye ne, ya jiƙe sharkaf da miyau, an gwaguye gefe ɗaya har ya rabu. Ta dubi hannunta, tata tana nan. Gwaggo da tata ta fita. Nomvelo ta leƙa falo a hankali, ta hango hannun Baba a kan kujera, hannun kwat ya ɗan ja baya, ga sawun fari a wuyan hannun inda rana ba ta taɓa ba. Ta durƙusa ta ƙwace abin daga bakin Bhubesi, shi kuwa ya ɗauka wasa ne, yana ja yana kaɗa wutsiya, yana jiran a ce masa ɗan albarka.

A nan ne ta gane abin da ta aikata da hannunta. Garin neman gira ta tsone ido. Ba takalmi ba ne wannan, ba labule ba. Munduwar hidimar mahaifiyarta ce, daga hannun mai gida, a bakin kare.

Tunanin da ya fara zuwa mata na wauta ne, amma ta bi shi. Ta tsaya a bakin famfo ta shafe hannunta da sabulu, tana ƙoƙarin zare tata don ta zura wa Baba yana barci. Fatar ta riga ta bushe ta kama, ko motsi ba ta yi ba, sai hannun ne ya yi ja. Ta jawo almakashi daga aljihun tebur, ta zura bakinsa a ƙarƙashin munduwar, ta tsaya. Ko ta yanke, da me za ta ɗinke? Kuma ta gyara laifi ɗaya da wani wanda ya fi shi? Tana tsaye da almakashi a hannu ta ji ƙarar get da muryar Gwaggo tana yi wa wata kaza faɗa. Wata ƙawarta ce ta ba ta kazar, ta shigo da ita a hammata, ƙafafu a ɗaure. Nomvelo ta cusa guntun munduwar a aljihun siket, ta ɗora tukunya.

Ta yi girkin ba ta san me take zubawa ba. Da abinci ya sauka, ba yadda za ta yi, ta ɗauko kwanon ruwan ɗumi da tawul ta durƙusa gaban mahaifinta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Baba Velaphi ya daɗe yana kallon ruwan, sannan ya ja hannun kwat sama.

"Velaphi," Gwaggo ta ce, cokali a hannu. "Ina munduwarka?"

Ya tsoma hannuwa cikin ruwan.

"Da kai nake. Ko wata ba ta yi ba, ba ta isa faɗuwa ba. In ma ta faɗi, ina take? Na shiga ɗakin baya yanzu, ban gan ta a umsamo ba."

Baba ya ci gaba da wanke hannun da ya riga ya fita. Nomvelo ta ji ba za ta iya barin sa a wannan tsaka mai wuyar ba. Ta ajiye kwanon, ta ciro abin daga aljihu ta ɗora a tafin hannu. Ta faɗi komai, da gwangwani, da bayan tanki, da maganar likita, kanta a sunkuye. Ta ce laifinta ne, shi dabba ne, abin da ta koya masa ya yi.

Da Gwaggo ta yi ihu da ya fi sauƙi. Ba ta yi ba. Ta ajiye cokalin a hankali.

"Fatar akuyar uwarki kika riƙa ba kare," ta ce. "Kullum. Kina yaba masa."

"Gwaggo, ragowar da aka zubar ce, ban yi tunani..."

"Ai na ga ba ki yi ba. Mun yi shekara muna jiran mu shigo da ita gidanta da mutunci. Mun kira ta, ta amsa, ta shigo. Abin da ta tarar ke nan."

Maganar ta soki Nomvelo inda ba ta da kariya, domin gaskiya ce. Gwaggo ta miƙe, ta sauko da kwalin daga kan firji, ta tsallaka katakon, ta ɗauki Bhubesi ta saka a ciki ta rufe marafan. Ba ta yi masa da mugunta ba, yadda ake ɗaukar kayan tafiya ta ɗauke shi. Ta ajiye kwalin a bakin ƙofar falo kusa da jakunkunanta. Wani ɗan baƙin hanci ya leƙo ta ɗaya daga cikin ramukan. Nomvelo ta kau da kai, hawaye ya kawo.

Gwaggo ta dawo tana faɗin sakacin 'ya'yan zamani, da za su fita su bar katako a buɗe, dabba ta yi ta yawo a kan tsoho yana barci. Nomvelo ta ce katakon a gicce ta bar shi, a gicce kuma ta same shi.

Gwaggo ta tsaya. Ta dubi katakon. Ta dubi kujerar Baba, mai tudun da ko yaro sai ya yi dabara yake hawa. Ta dubi kwalin, wanda abin da ke cikinsa ko dokin ƙofar baya sai an ɗaga shi yake hayewa in zai shigo. Sannan ta juyo ga ƙaninta.

"To fiffike ya yi? Ya tashi kamar tantabara, ya ci, ya koma ya rufe ƙofa?"

Baba Velaphi ya karɓi tawul ya goge hannu, yatsa bayan yatsa.

"Ni na ɗauko shi, Yaya."

Sai ya ci gaba, idonsa a kan tawul, kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya. Ya ce kuka yake yi in kowa ya fita, kukan ya hana shi sakat, ranar farko ya ɗauko shi ne don ya yi shiru. Da ya ga yana zagaye yana shinshina ƙasa, sai ya kai shi gindin gwaiba, inda yake hango yarinyar nan tana kai shi da safe. Tun daga ranar, da Yaya ta sa ƙafa waje, sai su fita tare, su dawo su zauna. Yau barci ya sace shi da kwikwiyon a cinya. Ya farka ya ga an gama aiki, ya ce a ba shi aka ƙi, ya ji ƙarar get, ya mai da shi wurinsa, ya sa kwat ya rufe ido.

Nomvelo ta tuna jaridun nan busassu da ta yi ta yaba wa kanta a kansu. Ta dubi mahaifinta kamar yau ta fara ganin sa. Tun rasuwar Mama ba ta ji ya jera magana mai tsawon wannan ba.

"Da girmanka," Gwaggo ta ce, amma muryar ta rage kaifi. "Duk da haka abin da ya faru ya faru. Bakin kare ne ya cire ta. Wa zai faɗa wa mai ita?"

"Ni zan faɗa mata."

Ya miƙe ya karɓi guntun daga hannun 'yarsa, ya cire takalmi ya shiga ɗakin baya. Suka bi shi, Nomvelo ta durƙusa a bayansa, Gwaggo ta zauna daga bakin ƙofa saboda gwiwoyinta. Ya kunna turaren ganye a kasko, hayaƙi ya tashi, ya ajiye munduwar a gefen tukunya. Ranar hidima Gwaggo ce ta riƙa sa masa kalmomi a baki yana maimaitawa. Yau ba wanda ya taya shi. Ya kira magabatan gidansu na Zungu kamar yadda ake yi, sannan ya sassauta murya.

"MaShange, ni ne. Ga munduwarki, na kasa tsare ta. Wuƙa ba ta taɓa ta ba, hannu bai cire ta ba, amma ba zan yi miki ƙarya ba, kare ne. A cikin gidanki, a kan kujerata. Na san abin da za ki ce, ke da ko kyanwa ba kya bari ta shigo kicin." Ya ja numfashi. "Kada ki kama yarinyar nan da laifi. Ita ta ga abin da ban faɗa ba. Tun da kika tafi, ba wani abu mai rai da ya kwanta a jikina ya yi barci sai wannan. In kin ce ya tafi, zai tafi. Amma ina roƙon ki."

Nomvelo ta toshe baki da hannu. Ta bayanta ta ji Gwaggo ta ja hanci.

Daga falo sai ga wani ɗan kuka siriri, da ƙarar farce a jikin kwali. Ba irin kukan neman a ɗauke shi ba ne, gajere ne, a jere, mai gaggawa. Baba ya ɗan waiwayo.

"Lokacinsa ne ya yi," ya ce a hankali. "Ba ya so ya yi a inda yake kwance."

Turare bai gama ci ba, mai magana ba ya tashi ya bar shi, Nomvelo kuma ba ta isa ta tsallake Gwaggo da ke bakin ƙofa ba. Kukan ya ƙaru. Nomvelo ta san ɗan cikin nan ba ya jira, kuma in ya jiƙa kwalin a yanzu, magana ta ƙare. Gwaggo Fikile ta zauna kamar ba ta ji ba. Can sai ta yi tsaki, ta dafa bango ta miƙe, gwiwoyinta suna ƙara. Suka ji ta buɗe marafan kwalin. Suka ji 'yan ƙafafu sun bi siminti a guje, ba su nufi bayan kujera ba, ba su nufi ƙarƙashin tebur ba, sai ƙofar baya, inda farce ya shiga karta.

"To, to, na ji, ranka ya daɗe," in ji Gwaggo, sakata ta yi ƙara.

Ta tagar ɗakin baya Nomvelo ta hango farin abu ya gangara dokin ƙofa, ya miƙe sak zuwa gindin gwaiba, ya zagaya sau ɗaya ya tsuguna. Baba Velaphi, yana durƙushe gaban magabatansa, ya miƙa wuya ya leƙa.

"Yawwa, ɗan albarka," ya ce, "zakin gida."

Da turaren ya mutu suka fito, suka tarar da Gwaggo tsaye a kan kwalin, hannu a ƙugu, idonta ja. Ta ce kada wani ya ɗauka an gama, akuyar neman afuwa tana kansu kafin ƙarshen shekara, kuma gwangwanin nan a ƙone abin da ke cikinsa yau ɗin nan. Sannan ta taɓa kwalin da ƙafa.

"Ke, ba ni igiya. Kazar nan ba ta da wurin zama a mota, ga ramuka an riga an huda."

Nomvelo ta kawo igiyar, ta kwashe kwanonin abincin da ya huce, ta shiga kicin ta buɗe famfo don kada a ji kukanta. Tana cikin wanke-wanke ta ji murya daga bayan gida. Baba ne zaune a kan bokitin da aka kife a gindin gwaiba, hannunsa marar munduwa a miƙe, yana ba Bhubesi labarin wani jirgin ruwa da ya taɓa sauke wa kaya cikin guguwa. Sai ta rufe famfon don ta ji sosai.